Man Zaitun a Kan Hulunan Vukota

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, ana tsakiyar kaɗe zaitun, ƙararrawar cocin ƙauyenmu ta buga saboda kai, Vukota. Ina kan tsani a gonata matarka Stanka ta aiko a gaya mini zuciyarka ta tsaya. Na sauko na zauna a ƙasa. Tun muna yara katanga ɗaya ce tsakanin gidanku da namu, yau ga shi ka tafi ka bar ni da baƙin ciki, ka kuma bar ni da haushinka.

Kowa a wannan gefen na garin Bar ya san ka da hulunan kwano na sojojin da suka mutu a duwatsunmu a yaƙin duniya na farko. Mutane sun mai da su kwanon ruwan kaji. Kai kuwa ka bi gida-gida, ka ba da sabon bokiti ka karɓi tsatsa, ana yi maka dariya. Ba ƙarfen ne ya dame ka ba. Fatar da ke ciki ce, da maɗaurin haɓa. Kakan ce, “Ƙarfe na sarki ne, amma fatar nan ita ta sha gumin ɗan wani.”

Na sha zama ina kallonka kana share su da burushi mai laushi, kana cusa musu takarda don kada su lotsa, kana tallafe kowace tsaga ta baya kamar mai ɗorin ƙashi. Ba rana, ba danshi, kuma ba mai. Wannan na ƙarshen shi ya sa ake ce maka mahaukaci, domin a wurinmu man zaitun maganin komai ne: ciwon kunne, kan jariri, ƙofa mai ƙara, takalmin zuwa coci. Ka sha gaya mini, “Milutin, mai mayaudari ne. Yau sheƙi, baɗi baƙi, daga nan sai hunhuna, zare ya ruɓe, fata ta narke.” Har na haddace don gajiya.

Ba zan manta alherinka ba. Shekarar da matata ta kwanta ciwo, kai ka kaɗe mini zaitun kafin naka, naka ya zube ya lalace, ba ka taɓa tayar da maganar ba. Baƙuwar nan da ta zo daga Hungary neman inda kakanta ya faɗi, ka ciyar da ita kifi da burodi, ka ɗora mata hula a tafin hannu, ka bar ta ta yi kukanta ita kaɗai.

To, ka san al'adarmu. Kafin masu gaisuwa su zo, sai an wanke gida tas, an buɗe kowace ƙofa. Stanka ta sami mabuɗin ɗakin hulunan a aljihunka. Ta ɗauko matsar farko ta man bana, wanda ko ɗanɗanawa ba ku yi ba. Da na zo, tun daga bakin ƙofa ƙamshin ya tare ni.

Ta ja hannuna ta ce, “Zo ka gani, Milutin. Shekara da shekaru mutumin naka ya bar su kamar busasshen kifi. Ai ba zan bari a ce na bar kayansa a wulaƙance ba.”

Na ce, “Duka kika shafa musu man, Stanka?”

“Duka mana! Ko ɗaya ban tsallake ba. Har cikin tsagar na cusa da ɗan yatsa.”

Na buɗe baki, sai na ga idanunta a kumbure, hannayenta na ƙyalli. Abin da ya fito kawai shi ne, “Sannu da aiki.”

Haba Vukota! Haba! Baƙon da ka gani yau sai ka tsare shi da bayani har abincinsa ya huce. Ni ka cika mini kunne. Amma matar da kuke kwana ɗaki ɗaya, abin da ta taɓa ji daga bakinka shi ne “Kar ki taɓa!” sai ƙarar mabuɗi. Me zai ci ka da ka zaunar da ita sau ɗaya ka faɗa mata dalili? Tun ranar nake dannawa da takarda a ɓoye ina tsotse abin da zai tsotsu, amma man da ya shiga busasshiyar fata ba ya fitowa. Wasu har sun fara duhu. Aikin rayuwarka ne nake kallo yana tafiya a hankali, kuma ba ni da wanda zan yi wa faɗa sai kai.

A bakin kabari, da limamin coci ya zuba maka mai da ruwan inabi, man daga tulun da aka shafa wa hulunan ne dai aka ɗebo shi. Stanka ta jingina da ni ta ce a hankali, “Sai da ya mutu na samu na taɓa abin da ya fi so.” Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Allah ya jiƙanka, maƙwabcina mai taurin kai. Ya yafe maka kurakuranka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya haɗa ka da samarin da ka tsare wa guminsu. Stanka, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'ya da jikoki da dukan dangi. Ya saka miki da alheri a kan niyyarki.