An Naɗi Muryata Kafin Tiyata, An Sallame Ni Bayanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata a shafin nan ba. Da yawa kun turo saƙo ban amsa ba. Ku gafarce ni, jinya na yi.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, iyayena 'yan Zariya ne, amma a Ingila aka haife ni, a can na tashi. Da Turanci na fara buɗe baki, Hausar nan a ɗakin Mama na koye ta. Da Turancin nake cin abinci. Na koyar a Turkiyya, na koyar a Malesiya, sannan Allah ya kawo ni Makka.

Samira ce ta kawo ni. Haifaffiyar nan ce, kakanninta Kanawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Tana da makarantar koyar da mata Turanci a unguwar Hindawiyya, kuma ita ce kafilata, wato takardar zamana da inshorar lafiyata duk a hannunta suke. Anti nake ce mata. A gidanta nake cin abinci duk Juma'a.

Da dishewar murya abin ya fara. Na ɗauka yawan magana a aji ne. Na sha zuma, na sha citta, a banza.

Wata rana ina alwala hannuna ya taɓa wani ƙullutu a gaban wuyana. Ba ya ciwo, amma yana motsi idan na haɗiyi yawu.

Aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton wuya, daga baya aka soka siririyar allura aka zuƙo abin da za a gwada. Likitar, wata dattijuwa 'yar Sudan, ta zaunar da ni ta ce ciwon daji ne, a wurin da maƙoƙo yake fitowa.

“Irin wanda ake warkewa ne,” in ji ta. “Amma jijiyar murya tana dab da wurin. Ba zan yi miki alkawari a kanta ba.”

Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron wannan maganar ba.

Da na gaya wa Anti Samira, rungume ni ta yi muka yi kuka tare. Ta ce kada in damu da aiki, wurina yana nan. Abu ɗaya ta roƙa: in naɗa darussana a bidiyo don kada ɗalibai su zauna haka kafin in dawo. Da safe muryar takan ɗan washe, don haka da safe muke naɗa. Tun daga baƙaƙe har zuwa darasin manya na naɗa mata, ina yi ina kurɓar ruwan ɗumi.

Aka yi tiyata, aka cire ƙullutun da ƙwayar maƙoƙon gaba ɗaya. Na farka na buɗe baki, iska kawai ta fito.

Inna Rabi ce ta yi jinyata. Maƙwabciyata ce a unguwar Ka'akiyya, 'yar Maraɗi, tana dafa wa ma'aikatan gini abinci. Ita ke dama mini kunu, ita ke wanke mini kai. Ba ta karatu, ni kuma ba na magana, da hannu muke hira. Anti Samira sau ɗaya ta leƙo, da kwalin dabino.

Saura mataki guda, wani magani da ake haɗiya ya ƙone ragowar ciwon. Ranar da na je a sa mini rana, ma'aikaciyar asibitin ta duba na'ura ta ce an dakatar da inshorata.

Na ɗauka kuskure ne. Na tura wa Anti saƙo, ba ta amsa ba. Na tari tasi zuwa Hindawiyya.

Tun daga matakala na ji muryata. Ajina ne, cike da ɗalibai har da sababbin fuskoki, suna kallona a allon bango suna maimaita abin da nake faɗa. Wata ɗaliba ta hango ni ta miƙe da mamaki, ta ce ai an gaya musu na koma Ingila.

A ofis Anti ba ta ko ce in zauna ba.

“Ma'alesh, habibti,” ta ce da Larabci, wato in yi haƙuri. “Nan makaranta ce, ba asibiti ba. Malamar da ba ta da murya, me zan yi da ita?”

Na so in yi ihu. Ko raɗa ba ta fito ba. Haka na juya na sauko.

Yayana Bashir ne ya taso daga Ingila, ya biya kuɗin maganin da abin da yake tarawa na aurensa. Aka killace ni a ɗaki ni kaɗai na 'yan kwanaki saboda ƙarfin maganin, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Shi ne kuma ya raka ni ofishin ƙwadago, har aka sa Anti ta sake ni na koma ƙarƙashin wata makaranta.

Bidiyon kuwa har yau tana sayar da su. Ba mu rubuta wata yarjejeniya a kansu ba.

Muryar ta dawo a hankali, bayan watanni ina zuwa wurin mai horar da magana. Ta yi kauri, tana saurin gajiya, amma ina koyarwa da ita. Hoton ƙarshe ya nuna babu sauran ciwo. Ƙwaya ɗaya zan riƙa sha kowace safiya har ƙarshen raina. Alhamdu lillahi.

Inna Rabi, Yaya Bashir, likitocina, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku san me ake ciki ba, Allah ya saka muku da Aljanna.

'Yan uwa, dishewar da ta ƙi tafiya ko ƙullutu a wuya, a je asibiti. Masu aiki a ƙasar waje, ku riƙa duba inshorarku da kanku. Kada ku ba da aikinku a kan alkawarin baki, ko da a gidan mutum kuke cin abinci.

Wasu suna ce mini in yafe mata, tunda a maƙwabtan Ka'aba muke zaune. Kullum ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ban kai wurin ba.