Kaka Denzil da Koriyar Motarsa

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, ina dawowa daga makaranta na tarar da ƙofar gareji a rufe, Mama tana tsaye a bakinta tana kuka. A nan ta gaya mini ka rasu, Kaka Denzil, a asibitin da ke kusa da Ludlow.

Mutanen gari sun san ka da koriyar motarka marar rufi, mai kujera biyu, wadda aka ƙera bayan yaƙin duniya na biyu. Ka ce irinta kaɗan ne suka rage a duniya. Ni kuwa na san ka da haƙuri, domin yarinya ce ni wadda ko a aji ba a jin muryata.

Bara ka ɗauke ni zuwa tseren tsofaffin motoci, ka ɗora mini taswira a cinya, ka ce ni zan riƙa faɗa maka hanya. Na ga kwanar farko sarai, na faɗa a hankali, ƙarar inji ta haɗiye maganar. Sai ga mu a gonar wani, tumaki suna kallonmu.

Ka kashe mota kana dariya. "Bronwen, ke kika yi magana ko sauro ne? Wannan tsohuwar motar ta girmi uwarki, ba za ta yi miki shiru ba. Ɗaga murya, 'yar nan!"

A kwana ta gaba na rufe ido na ce, "Hagu!" da ƙarfi har maƙogwarona ya yi zafi. Mu muka zo na ƙarshe, amma ka saya mini waina kamar mun ci kofi.

Jiya, bayan jana'iza, Kawu Alun ya ce a kai motar gidan tarihi. Kowa ya gyaɗa kai. Na miƙe na ce, "Kawu, a bar ta ta ci gaba da hawa titi. Kaka bai taɓa yarda a sa mata igiya a hana yara taɓa ta ba." Sai Mama ta miƙa hannu ta karɓi makullin motar, ta ce za ta koyi tuƙa ta.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya yi maka rahama, ya ba ka hutu. Allah ya ba matarka Kaka Maud, da Mama, da Kawu Alun haƙurin rashinka. Ranar Lahadi ni da Mama za mu fita da motar, ni ce mai faɗin hanya.