Man Suya a Injin Niƙa

Shekarar da gazuwal, wato man dizal, ya yi wuya a Garwa, ni da injin niƙana muka sha zaman banza. In ka je gidan mai da jarka, korar ka ake yi. Ƙanin matata, wanda makanike ne, ya nuna mini a wayarsa yadda ake mayar da tsohon man suya ya zama man inji. Na ce ai wannan ba wuya.

Ashe samun man ma aiki ne. Na zaga unguwar Roumdé Adjia daga masu ƙosai zuwa masu kifi. Wata dattijuwa mai suya ta dube ni sama da ƙasa.

"Wane tsohon mai, ɗan nan? Mu mai ba ya tsufa a wurinmu. Sabo ake ƙarawa a kai, a ci gaba."

Da ƙyar na tara rabin jarka, baƙi ƙirin, duk ƙayar kifi. Na tace shi da tsohon ɗankwali, na samo soda wurin masu yin sabulu, da metanol, wani ruwa mai saurin kama wuta wanda warinsa ke sa ciwon kai. Na dama su a tsakar gida cikin zafin nan na bazara, gumi har cikin ido. Da safe na tarar abin ya daskare kamar tuwo. Matata ta lakato, ta murza, ya yi kumfa.

"Malam, wanka za ka yi wa injin?"

Na zubar da shi, na sake samo wani man. Karo na biyu na fara dafa man don ruwan cikinsa ya fita, sannan na dama shi da sodar da metanol ɗin. Wannan karon ya rabu, sama garau kamar zuma, ƙasa dagwalo. Na tsiyaye na saman na zuba a inji. Ya tashi! Unguwa ta gauraye da ƙamshin soyayyen kifi, mata suka jero kwanukan masara suna dariya.

Muna tsakiyar niƙa injin ya fara tari, ya yi shiru. Na ja, na ja, har kafaɗata ta sage. Mata suka kwashe kwanukansu suka nufi wata unguwa.

Da ƙanin matata ya kwance shi, ya tarar matatar mai ta toshe da wani abu mai danƙo.

"Yaya, ni fa kallo kawai na yi a waya, ban taɓa gwadawa ba."

Na juya masa baya don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Injin bai sake tashi ba sai da damina ta faɗi.