Sunan da Zabuwa Ta Haɗiye

A ƙauyenmu da ke kusa da Cadawa, da an gama ɗaure gero ɗari ya shigo, ɗakin kakarmu Iya Hajo muke tarewa bayan sallar isha'i. Takan hura wuta da kara, ta zuba aya a kasko tana juyawa, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Ni ne "maigidanta", irin wasan kaka da jika, kuma ba ta taɓa raga mini ba. "Ku dibi mijin banza," in ji ta, "ko gishiri bai kawo ba, amma ya hi kowa miƙo hannu." Ni kuwa in ce ai tun jiya na sake ta, ayar kawai na zo ci.

Iya ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta daki gwiwarta ta ce, "Ga baƙuwa bakin ƙohwa." Mu ce, "Ta shigo mu gan ta." Wadda muka fi roƙo ita ce ta zabuwa.

Wai wata zabuwa ce ta yi ƙwai ɗaya a gindin sabara, ta raɗa masa suna tun bai fashe ba. Matar gida ta tsince shi ta sa wa kaza ta kwanta a kai, kamar yadda ake yi har gobe. Ɗan zabo ya fito ya bi kaza, ita ya sani uwa. Tsuntsaye suka gargaɗi zabuwa cewa shirwa kunne gare ta: duk ɗan da ta ji uwarsa ta kira da suna, ta san shi ne na zuciya, shi za ta sura. Sai zabuwa ta haɗiye sunan, ta hau kan rumbu ta zauna gadi. Da inuwar shirwa ta gilma, ita ke fara kuwwa, kaji su ɓuya, ɗan ya tsira bai san wanda ya cece shi ba. "Shi ya sa kukan zabuwa babu daɗi," Iya kan ce. "Suna ne maƙale ga wuya."

Kullum sai mun tambaye ta mene ne sunan. Kullum kuma sai ta tura toka kan garwashi ta ce, "Baƙuwa ta tahi gida. Ku tashi."

Babana, Haruna, shi ne ɗanta na fari, kuma Iya mai kunyar ɗan fari ce ta bugawa a jarida. Da aka yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa Gazawa, can ya girma, sai da ya isa riƙe hauya ya dawo. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "uban yaran ga". Maƙwabcinmu mai suna Haruna ya zama Mai-suna a bakinta. Ko labarin annabawa take ba mu, sai dai ta ce "ɗan'uwan Annabi Musa". In Baba ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take kallo tana amsawa. Ba wanda ya ga laifinta, yabonta ma ake yi. Shi ma bai taɓa nuna ya damu ba.

Na riga na yi aure na haifu lokacin da abin ya fara. Iya ta zuba gishiri a kunu. Ta ɗauki tulu ta nufi rijiyar da aka cike tun ina yaro. Ta rantse an sace mata ƙwarya, alhali tana kan cinyarta. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Na ɗauke ta a babur zuwa gidan likita a Agiye, likitan ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kama wasu tsofaffi, yana cin tunani a hankali, ba shi da maganin warkewa. Ya ce kada mu yi mata gardama, kada kuma mu bar ta ita kaɗai.

Sunaye suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta dube ni ta ce, "Samari, ɗan wane ne kai?" na fita bayan gida na yi kuka kamar yaro. Baba ya same ni can. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Kai ka ji daɗi, an kira ka an manta. Ni da ba a taɓa kira ba, mi za a manta?" A ranar na gane cewa dattijon nan mai furfura yana ɗauke da tambayar da bai taɓa yi wa kowa ba, kuma mai amsar tana ɓacewa a gabansa.

Wata rana bayan la'asar tana zaune a tabarma, sai shirwa ta gilma ta kan gidan, zabin tsakar gida suka kaure da kuka. Iya ta miƙe zumbur, tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ta buɗe murya: "Haruna! Haruna!" Matan gida suka rufe baki da hannu. Baba yana shigowa ke nan daga gona, ya tsaya cak a bakin zaure.

Ta je ta kama hannun rigarsa, ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. "Bawan Allah, ba ka ga yarona ba? Haruna sunanshi. Sun kai shi Gazawa, ko hula ba su aza mishi ba, ga ɗari."

Baba ya durƙusa. Ya ce, "Na gane shi, Inna. Lahiya lau yake."

"Ka san shi?"

"Kaɗan na san shi. Ki ba ni labarinshi."

Ta ja shi kan tabarma, ta ba shi. Yaronta ba ya son miyar kuka. Yana da tabon ƙaya a ƙafar hagu. In yana cin tuwo yana wani ɗan gurnani kamar mage. Ta ce takan tara daddawa ta taka har kasuwar Gazawa, ba don ciniki ba, don ta laɓe bayan dangar gwaggo ta hango shi yana wasa, ta koma gida ba wanda ya sani. Baba ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, ya ja ƙafar hagu ya ɓoye ƙarƙashin riga.

Daga ranar, tatsuniya ta dawo ɗakin Iya, amma mai sauraro ɗaya ne. Da ɗari ya shigo Baba da kansa ke hura mata wuta, ya zauna inda muke zama, ya ce, "Inna, ina labarin yaron nan naki?" Sau da yawa labari guda take maimaitawa, bai taɓa gajiya ba, har Allah ya karɓi abarsa.

Ba zan yabi ciwon nan ba, ya wahalar da ita, ya wahalar da mu. Amma har yau abin yana ba ni mamaki. Ya kwashe ta kamar yadda ake kwashe rumbu, daga sama zuwa ƙasa, mijinta, jikokinta, har ƙauyen da take zaune, da kunyar da ta riƙe tsawon rayuwa. Da aka kai ƙasa, damin da aka fara ajiyewa yana nan, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ashe duk daren da muke cin aya muna neman sunan ɗan zabo, mai sunan yana kwance a ɗakin da ke kusa.

Abin da ba ya barin kunnena shi ne yadda take rufe labarin kowane lokaci. Sai ta matso kusa da shi, ta rage murya ta ce, "Amma don Allah kada ka hwaɗa mishi na kira sunanshi. Da kunya."

Shi kuma ya ce, "Ba ni hwaɗa mishi, Inna."