Ƙanƙara da Injin Aski

Ni da nake wuni riƙe da wuƙa ina fasa citta, allura nake tsoro. Muna yara aka yi wa yayana allura a ɗuwawu, ya tashi yana jan ƙafa, har ya rasu bai daina ba. Shi ya sa da wuƙa ta shige mini ƙarƙashin farcen babban yatsa, na ɗaure da tsumma na ci gaba da aiki. Kwana tara ina fama da ruwan gishiri. Yatsan ya kumbura kamar ƙaramin dankali, yana bugawa, farcen ya yi baƙi. Ko zani na kasa ɗaurawa.

Mijina ne ya gaji, ya ɗora ni a babur sai wani ƙaramin asibiti a Kafanchan. Nas ɗin da muka samu ko 'yata ta fari ba ta kai ba. Ta juya hannuna ta duba yatsan.

"Mama, sai mun cire wannan farce yau," in ji ta. "In ciwon ya shiga ƙashi, yatsan ne za a yanke. Zan sa miki allura biyu a gindin shi don kar ki ji zafi."

Na so in gudu.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta aiki mijina ya sayo ruwan leda mai ƙanƙara, ita kuma ta tsallaka titi ta aro injin aski mai caji. Ina ganin injin na ce a raina, shi ke nan, da wannan za a yanke.

"Ba yanka ba ne, Mama. Sanyi da girgiza suna rage zafin allura," in ji ta, kamar ta ji ni.

Ta ɗora ƙanƙarar har wurin ya sandare. Ta kunna injin, ta sa mijina ya danna bayan injin a wuyan hannuna. Hannun duka ya ɗauki rawa har haƙorana. Na runtse ido ina kiran Yesu. Na ji tsini, na ji wani abu na shiga, amma kamar daga nesa. Sai allura ta biyun.

Bayan nan ne tsoro na gaske ya zo. Yatsan ya ɓace mini, ba zafi, ba bugu, ba komai. Ina jin ƙarar almakashi, ina jin ana jefa abu a kwanon ƙarfe. Na tabbata a raina ta ga ƙashin ya ruɓe, ta yanke, ta ƙi faɗa mini.

"Mun gama, Mama. Buɗe ido."

Na ƙi.

"Sista, ki gaya mini gaskiya don Allah. Yana nan?"

Ta kamo hannuna na hagu ta ɗora a kan bandejin. Idona a rufe na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙaramin. Da na kai biyar na fashe da kuka.