Safiyatu Mai Haruffan Kwali

Duk wanda ya zauna da Safiyatu ya san bakinta bai iya cewa "zan gwada" ba. "Zan yi" take cewa, dabara kuma ta biyo baya. 'Yar Tudun Wadan Zariya ce, ta daɗe tana koyar da Turanci a firamare kafin mijinta ya rasu, ta biyo wani kamfani zuwa Madina. Yanzu wanki da guga take yi a wani otal a Anbariyya, zannuwan gadon alhazai tun safe har la'asar. Malanta kuwa ba ta sake ta ba. Kwalayen sabulun da aka yar take yankawa ƙanana, ta rubuta harafi ɗaya a kowanne. In ta samu sarari sai ta jera uku, ta shiga farautar kalmomin Turancin da suke ɗauke da su, kowace da ma'anarta. Abokan aikinta sun yi dariya har sun gaji, ita ko a jikinta.

A unguwar Harra ta Gabas take haya, a ƙasan gidan Hajiya Tasallah, wata tsohuwa da iyayenta da kakarta suka zo da ita aikin hajji tana goye, ba su koma ba. 'Ya'yan Hajiya da jikokinta duk 'yan ƙasa ne. Akwai Sundus, jikar da ke kwana ɗaki ɗaya da ita, tana shirin jarrabawar shiga jami'a, Turanci ya tsaya mata a wuya. Wata Juma'a Hajiya ta sa aka kira Safiyatu.

"An ce ke malama ce. Ki taimaki yarinyar nan da imtihan ɗinta," in ji ta. Sai ta rage murya. "Amma ni ba shi ne ciwona ba, 'yar nan. Yarinya tana jin Hausa sarai, in na yi magana sai ta sumbaci kaina ta ce hadir ya sitti, wai 'to, kaka' ke nan da Larabci. Ladabi kamar baƙuwa. Mu a wajenmu jika abokiyar wasa ce. Ni na ja kunnen kakata, na ɓoye mata goro, ta bi ni da zagi muna dariya. Ga shi zan mutu babu jikan da ya taɓa tsokanata."

Maganar ta soki Safiyatu, don ita ma ta bar jikoki a gida. "Inna, ki bar min wannan. Za ta tsokane ki har ki gaji."

Ta faɗa ne fa ba tare da ta san ta inda za ta ɓullo ba. Da farko ma ta kwafsa. Ta ja Sundus gefe ta ce, "Ki riƙa yi wa kakarki tsiya mana." Yarinya ta zaro ido ta dafe ƙirji. "Aib, ya hala! Sitti?" Wato, "Abin kunya ne, anti! Kakata?" A Larabcin da ta tashi a ciki, wannan rashin kunya ne tsantsa. Safiyatu ta gane ba a tura mutum wasa da umarni, sai ta koma ga kwalayenta.

Doka ɗaya ta kafa. Za ta jera haruffa, Sundus ta nemo kalmomin da suke da su, amma ma'ana da Hausa za a ba ta. "Larabcina na cefane ne," in ji ta, kuma ba ƙarya ta yi ba. "In kalma ta gagare ki, ga ƙamus can zaune a kan darduma tana jan carbi."

Aka fara da E, A da R. Sundus ta kawo hear, ta kawo heart, ta kawo earth. Ji da zuciya ba su ba ta wuya ba, ta ukun ce ta hau da ita sama a guje. Ta daɗe ba ta sauko ba, domin da Hajiya ta ce ƙasa, sai da ta ba ta labarin ƙasar da ita kanta ba ta taɓa gani da wayonta ba. Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Hausar Sundus ta fito a karkace, rabi ta Damagaram irin ta iyayen Hajiya, rabi ta Zazzau, da yalla da halas na Larabci a tsakiya. Tana tambaya, tana amsawa, amma har yanzu cikin ladabi. Hajiya takan dubi Safiyatu ta girgiza kai, ita kuma ta ce, "Saura ƙiris, Inna."

Ranar da ta ga abin ya nuna, sai ta hau da darasin sama, ta baje kwalaye a gaban Hajiya: O, L da D. Sundus ta shiga jerowa. Gold, zinariya. Cold, sanyi. Hold, riƙewa. Da ta zo kan scold ta tsaya, Safiyatu ta kwatanta mata da yatsa da ɗaure fuska.

"Faɗa ke nan," in ji Hajiya. "Ke ma kin cika nawa, tun ɗazu kalma ɗaya ta gagare ki."

Safiyatu ta tura wa Sundus kwalayen ukun nan kawai, ba tare da ƙarin harafi ba. "Wannan fa?"

Sundus ta dubi kalmar, old, wato tsoho ko tsohuwa, ta dubi kakarta da ke taunar dabino da dasashi tana harararta. Dariya ta kufce mata.

"Ga ta nan zaune," ta ce. "Tsohuwa mai faɗa, babu haƙori sai cin dabinon mutane!"

Nan take ta toshe baki, ta tsorata da abin da ya fito. Hajiya ta ajiye dabinon a hankali, idanunta sun cika taf da ƙwalla. Ta lalubo sandarta ta ɗaga sama.

"Ja'ira! Ni kike zagi a gidana? Matso nan in karya ki!"

Sundus ta yi tsalle ta laɓe bayan ƙofa, tana leƙowa. "In kin isa ki tashi!"

Safiyatu ta tattara kwalayenta ta nufi matakala, babu wanda ya ce mata sai an jima. Har ta kai ƙasa tana jiyo muryar Hajiya, rabi kuka rabi dariya, tana cewa, "Maimaita, don Allah, ban ji da kyau ba."