Ranar da Aka Yi wa Ƙarfe Ƙarin Girma

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka kafa wa tsintsiyata kwamitin bincike ba. Lokacin ina sharar ofishin wata ƙungiyar manoman rani a nan Talata Mafara. Maigidana, Malam Bawa, shi ne maigadin wurin, da ya rasu sai aka tausaya mini aka ba ni shara. Allah ya jiƙansa. Har yau in na kira sunansa sai mai rubuta mini ta jira na share ido.

Ga wanda bai san aikin ba, ofishin yana da rassa biyu, Bakura da Maradun. Kowace safiya ana tura musu jerin gonakin da za a sakar wa ruwan dam. In saƙon ya makara, mai buɗe ƙofar ruwa sai ya buɗe wa wanda ya fi ɗaga murya. Saƙon yana fita ne ta wani akwati mai ƙyafta fitilu a ɗakin Malam Lawali, akawunmu na kwamfuta. Da can hanya ɗaya ce, ta wani babban faifai irin na kama tashoshin talabijin a kan rufi, mai shegen nawa. Sai Manaja ya sa aka kafa dogon ƙarfe a tsakar gida, sabuwar hanya mai sauri. Injiniya Nasiru ya zo daga Gusau ya haɗa, ya bar tsohuwar ta zama ta ko-ta-kwana, ya ba kowace hanya lambarta a kwamfuta, ya nuna wa Lawali kan abin, ya rubuta komai a takarda ya tafi.

Muka yi mako guda lafiya. Wata Litinin ina goge taga, Manaja ya shigo da takardar a hannu.

"Lawali, mi nike gani nan? Sabuwar hanya ɗari da goma, tsohuwa ɗari biyu?"

"Haka Injiniya ya bari, ranka shi daɗe."

"Ni ina mataki na goma sha huɗu, Inna Kulu ga ta nan tana na ɗaya. Wa ya fi wani? Ƙarfen da na tsaya cikin rana aka kafa, shi za a aje ƙasa da wancan tsohon kwano? Ina ne ƙarshen lambar?"

"Ɗari biyu da hamsin da biyar."

"Ba shi ɗari biyu da hamsin. A bar mai wurin ci gaba."

Lawali ya dubi Manaja, ya danna sabuwar lambar a kwamfuta.

Washegari saƙon safe bai isa Maradun ba sai bayan azahar. Rana ta uku manoma suka cika mota suka zo, kowa da albasarsa da ta yi yaushi a hannu. Manaja ya tambaya wa ke shiga ɗakin akwatin ban da Lawali. Aka ce mai shara. Nan take ya kafa kwamiti, shi ne shugaba, Lawali sakatare, aka ɗora tsintsiyata a kan tebur.

"Inna, faɗi gaskiya, wace waya kika taɓa?"

"Ranka shi daɗe, ko yanar gizo ba ni taɓawa a ɗakin nan, ina tsoron ta gwamnati ce."

Bai yi dariya ba. Ya ce an kira Injiniya, in bai sami wani dalili ba, ranar Juma'a in bar aiki. Na fita na zauna a bencin da Bawa yake zama, na yi kuka har mai sayar da goro ya tsallako titi. A duk garin nan, a ofishin nan ne kaɗai ake ce mini matar Bawa.

Ranar Alhamis Injiniya ya iso. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya hau rufi ya sauko, bai ga komai ba. Ya tambayi Lawali ko an canza wani abu, Lawali ya shiga ƙirga katakon silin. Ni kuma ba zan nuna Manaja da yatsa a gaban mutane ba. Sai na kawo wa baƙo ruwa na durƙusa.

"Ɗana, ni ban yi boko ba. Amma ƙarin girma yana sa abu ya yi nawa? Don na sha ganin haka ga mutane."

"Wa aka yi wa ƙarin girma, Inna?"

"Ƙarfen."

Ya duba kwamfuta, ya cire hularsa ya toshe baki da ita, kafaɗunsa na rawa. Da ya sami kansa ya yi wa Manaja bayani cikin ladabi. Ya ce lambar ba muƙami ba ce, nisa ce. Akwatin yana jin labarin hanya daga bakuna biyu, kuma na kusa yake yarda da shi. Abin da ka gani da idonka sifili ne. Ɗari da goma maƙwabci ne mai amana. Ɗari biyu da hamsin kuwa labarin tashar mota ne. Tun Litinin akwatin ya daina yarda da ƙarfen, ya koma wa tsohon faifai. Ya mayar da ɗari da goma, saƙo ya isa Bakura kafin Manaja ya gama gyaran murya.

Manaja ya miƙe ya ce, "Kwamiti ya zauna, ya wanke tsintsiya." Ni bai ambace ni ba. Amma ya miƙo mini ita da hannu biyu, na karɓa, na ci gaba da shara har gwiwoyina suka ce sun gaji.

Ku da kuke aiki yanzu, ga abin da na fahimta. Shi akwatin nan, mai ƙaramar lamba yake fara dubawa, don ya yarda da shi. Mutanen ofis ma mai ƙaramar lamba suke fara dubawa, amma sai ranar da abu ya lalace.